Batman Da Yaronsa: Wa Ke Jawo Ciniki, Wa Ke Cin Suna?

 Yau zan kauce wa maganar duwan da canjin naira da sefa da muka saba, in ɗauko wata gardama da na tarar ana yi, wadda da farko na ɗauke ta shirmen yara, daga baya kuma na ga ashe akwai kuɗi a cikinta, har ma da abin da ya fi kuɗi.

Ana gab da komawa lakwal na leƙa wajen wani Alhaji abokina a babbar kasuwar Maraɗi, mai sayar da jakunkunan 'yan makaranta da riguna da takalman roba na yara. Dilar da ya kwance jakunkuna iri uku ne a cikinta: masu hoton Spider-Man, masu hoton Batman shi kaɗai, sai kuma wasu masu hoton Batman tare da wani ɗan saurayi mai jar riga da alkyabba ruwan ɗorawa. Kafin mako biyu iri biyun farko sun tafi, na ukun kuwa suna nan a rataye suna shan ƙura. A kan haka ne yaran shagon suka kacame. Babban ya ce ai dole su kwanta, domin wannan Robin ɗin ba kowa ba ne, ɗan rakiya ne kawai, kuma babu yaron da zai so ya goya hoton bara a bayansa alhali ga na ubangida. Ƙaramin, wanda ya fi shi bin katun a waya, ya rantse ya ce ba don Robin ba da tuni an manta da Batman. Alhaji ya dube ni ya ce, "Malam, kai da kake karance-karance, raba mana wannan faɗa. Ni dai abin da na sani, jarina ne a rataye."

Na ce masa, Alhaji, ba kai ne na farko da wannan tambaya ta dama ba. A Amurka, inda aka ƙago waɗannan jarumai, an haura shekara 80 ana wannan ja-in-ja tsakanin masoya da marubuta da masu kamfani: shin yaron jarumi yana da wani amfani, kuma yana sayar da kaya, ko kuwa nauyi ne kawai aka ɗora wa labari? Har ƙuri'a an taɓa kaɗawa a kai, kuma da ƙuri'ar aka kashe yaron. Amma bari mu bi abin daga tushe.

Batman ya fara fitowa ne a 1939, a cikin wata mujallar labaran zane mai suna Detective Comics, fitowa ta 27. Attajiri ne da aka kashe iyayensa a gabansa yana ƙarami, ya girma ya ɗauki siffar jemage yana farautar miyagu da dare. Ba shi da wani ƙarfi na tsafi, dukiya ce da dabara da naushi. Bai cika shekara ɗaya yana yawo shi kaɗai ba, sai a 1940, a fitowa ta 38, aka kawo masa Robin, wani yaro mai suna Dick Grayson, ɗan masu wasan tsalle-tsalle a kan igiya, wanda shi ma 'yan daba suka kashe iyayensa. Dalili biyu ne suka kawo shi. Na farko na marubuci ne: Bill Finger, wanda yake rubuta labaran, ya bayyana cewa mai bincike da ba shi da abokin magana yana gajiyar da mai karatu, domin kullum sai dai ya yi ta zancen zuci, don haka yana buƙatar wanda zai riƙa tambayarsa, kamar yadda Sherlock Holmes na Ingila yake da Dokta Watson. Duk wanda ya taɓa jin mawaƙi ba 'yan amshi ya san abin da yake nufi. Dalili na biyu na ɗan kasuwa ne: masu sayen mujallar yara ne da ke zuwa da santi 10 a hannu, to a ba su tsaransu a cikin labarin. Masu tarihin wannan sana'a sun ce cinikin ya kusa ninkawa biyu bayan zuwan yaron.

Kun dai san halinmu na kasuwa, in kaya ya karɓu a rumfa ɗaya, gobe layin gaba ɗaya ya cika da shi. Haka aka yi a can. A 1941 Captain America ya fito tare da yaronsa Bucky, Green Arrow ya fito da Speedy, Human Torch yana da Toro, daga baya wajen 1960 aka yi wa Flash da Aquaman nasu yaran. A wancan zamanin jarumin da ba shi da zagi kamar bai cika ba. Saboda haka a wannan zagaye na farko ƙaramin yaron Alhaji ne da gaskiya, duk da ya ɗan ƙara gishiri.

To amma babban yaron ma ba daga sama ya tsinci maganarsa ba. Wani shahararren mai zane na Amurka, Jules Feiffer, ya rubuta a wani littafinsa na 1965 cewa yana yaro ya tsani waɗannan yaran jarumai. Hujjarsa kuwa ita ce, Batman babba ne, yaro zai iya cewa in na girma na yi ƙoƙari zan zama kamarsa. Amma Robin tsaranka ne, kuma ya riga ya fi ka ƙarfi, ya fi ka tsalle, ya fi ka ƙwaƙwalwa, to ina sauran mafarki? Maimakon ya zama madubinka sai ya zama ɗan maƙwabcin nan da ake yi maka gori da shi kullum. A ganina wannan ita ce hujja mafi ƙarfi da masu ƙin yaran jarumai suke da ita.

Stan Lee na kamfanin Marvel ma ba ya son su, bai kuma ɓoye ba. A 1962 shi da mai zane Steve Ditko suka fito da Spider-Man, wanda shi kansa yaro ne ɗan makaranta, maraya a hannun gwaggo, ga rashin kuɗi ga tsangwamar abokai, amma ba ya ƙarƙashin kowa. Ma'ana, maimakon a ba yaro mai saye hoton bara ya kalla, sai aka ba shi shagon dungurungum. A 1964 kuma da suka dawo da Captain America, sai suka ce ai Bucky ya mutu tun ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu, suka huta. Wanda yake son ya san ko dabarar ta ci, ya dubi abin da ya fara ƙarewa a dilar Alhaji.

Akwai kuma wata ƙorafi da ba ta kasuwa ba ce, ni kuwa ba na raina ta. Masu ita suna cewa wane irin babban mutum ne zai ɗauki yaron da bai balaga ba, ya sa masa jar riga mai ɗaukar ido, ya kai shi gaban masu bindiga da tsakar dare, shi kuwa yana sanye da baƙi yana laɓe cikin duhu? Tambaya ce mai kyau. Sai dai kafin mu yi wa Bature dariya, mu tuna da yaran da muka sha gani a kan babur da jarkokin mai jere a bayansu, suna ratsa hanyoyin daji don kauce wa shingaye, alhali mai kayan yana zaune a inuwa yana jiran lissafi. Na Batman dai zane ne a takarda, in ya mutu ana iya dawo da shi.

An kuwa gwada. Dick Grayson ya girma, sai kamfanin DC Comics ya kawo Robin na biyu a 1983, wani mai suna Jason Todd. A 1987 aka sake masa asali, aka mai da shi ɗan titi da Batman ya kama yana kwance masa tayoyin mota, ga tsaurin ido ga rashin jin magana. Wasiƙun ƙorafi suka yi ta zuwa. Editan labaran Batman na lokacin, Dennis O'Neil, ya ce to a bar wa masu saye su yanke hukunci. A watan Satumba na 1988, a cikin labarin da ake kira A Death in the Family, aka nuna mugun nan Joker ya lakaɗa wa yaron duka da sandar ƙarfe a wani ɗakin ajiya a ƙasar Habasha, ya bar shi da bam. Sannan aka buga lambobin waya biyu: ka kira wannan in kana son ya rayu, ka kira waccan in kana son ya mutu, kowane kira santi 50. Aka buɗe layi kimanin kwana ɗaya da rabi. Ƙuri'u 10,614 aka samu. Masu cewa ya mutu 5,343, masu cewa ya rayu 5,271. Ratar 72 ce kawai ta kashe shi. Har akwai jita-jitar da shi editan ya sha ambata, cewa wani ya saita na'urarsa ta yi ta kiran lambar mutuwa ba ƙaƙƙautawa. Ashe maguɗin zaɓe ba a Afirka kaɗai aka san shi ba.

Masu ƙin Robin har yau suna ɗaga wannan ƙuri'a a matsayin shaida cewa jama'a sun gaji da yaran jarumai. Ni ban karanta ta haka ba. Abin da na gani shi ne kasuwa ta rabu gida biyu kusan daidai, kuma waɗanda suka iya kiran wayar kuɗi galibi ba ƙananan yaran da ke roƙon iyayensu jaka da rigar barci ba ne. Wato an tambayi masu surutu, ba a tambayi masu saye ba. Marubucin labarin, Jim Starlin, ya sha ba da labarin yadda sashen da ke sayar da izinin buga hotuna a kan kaya ya fusata, domin ga kwanonin abincin 'yan makaranta da rigunan barci jibge da hoton Robin, ga shi an wayi gari an ce ya mutu. Kamar Alhajinmu ne, jari a rataye. Shekara ɗaya tak bayan haka, a 1989, aka kawo Robin na uku, Tim Drake, yaro mai ladabi da kaifin basira. Shi wannan har mujallarsa ta kansa aka yi masa, ta yi ta fitowa daga 1993 zuwa 2009, sama da fitowa 180. Kayan da ba ya tafiya ba a shekara 16 ana sarinsa. A ƙarshen 2023 ma sai da kamfanin ya ciro shafukan da aka zana aka ajiye tun 1988, waɗanda yaron ya rayu a cikinsu, ya buga ya sayar. An ci kuɗin mutuwarsa, an dawo an ci na rayuwarsa.

Inda masu ƙin Robin suka fi samun abin kafa hujja shi ne sinima. Fim ɗin Batman na 1989 ba Robin a cikinsa, ya tara sama da dala miliyan 400, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Na 1995 da aka sako Robin ya tara wajen miliyan 336. Na 1997, wanda sunansa ma Batman & Robin, ya sauko wajen miliyan 238, ya sha zagi, aka fasa wanda zai biyo bayansa, kuma sai da aka shekara takwas kafin Batman ya sake fitowa a babban allo a 2005. Daga nan masu shirya finafinan suka guje wa yaron. The Dark Knight na 2008 ba shi a ciki, ya haura dala biliyan ɗaya. Na 2022 ma ba shi. In lissafi ne wannan, to babban yaron shago ya yi nasara.

Sai dai wanda ya kalli fim ɗin 1997 ya san ba Robin ne ya kashe shi ba. Daraktansa, Joel Schumacher, ya amsa da bakinsa cewa an matsa masa ya yi fim ɗin da zai sayar da kayan wasan yara, har masu ƙera kayan wasan suna da baki a cikin yadda motoci da tufafin za su kasance, daga baya kuma ya nemi gafarar masoya. An gina talla ne aka lulluɓe ta da labari. Kowane ɗan kasuwa ya san in ka cika wa mai saye kunne da yabon kaya tun bai zauna ba, zai tashi. Laifin mai rumfa ne, amma aka ɗora wa yaro, kamar yadda aka saba.

Sannan masu wannan lissafi suna mantawa da wata kasuwa guda, wato ta katun. Tun 1964 aka tara yaran jaruman nan aka yi musu ƙungiyarsu mai suna Teen Titans, Robin ne shugaba. A 1980 Marv Wolfman da George Pérez suka sabunta ta, ta zama cikin mujallun da suka fi kawo wa DC ciniki a farkon shekarun 1980. A 2003 aka mai da ita katun, a 2013 aka sake fito da wani salon na barkwanci mai suna Teen Titans Go!, wanda ya haura kashi 400. Abin dariya, fim ɗinsu na 2018 jigonsa shi ne wannan gardama tamu: Robin yana ta rokon a yi masa fim, ana ce masa ba a yi wa ɗan rakiya fim. An kashe masa kimanin dala miliyan 10, ya dawo da sama da miliyan 50. Ba a haɗa shi da biliyan ba, gaskiya ne. Amma mu da muke auna riba da jari, ba da girman ciniki ba, mun san mai goron da ya juya jika ta zama biyar ba ya jin kunyar mai sayar da motoci. Kuma yaron da ya shiga ta ƙofar katun yana ɗan shekara bakwai, shi ne zai biya kuɗin kallon Batman na manya in ya kai ashirin.

Yanzu ga ra'ayina, kuma nan ne nake ganin dukkan yaran Alhaji sun kauce. Tambayar ko yaron jarumi yana sayar da kaya ba ta da amsa ɗaya, domin ya danganta da ko an sallame shi ko ba a sallame shi ba. Muddin yana tsaye a bayan ubangida a cikin hoto, rabin fuskarsa a inuwar alkyabbar wani, to gyara ne, ba don shi aka saya ba. Ranar da aka ba shi sunansa da rumfarsa, ranar ake sanin nauyinsa.

Ku duba Dick Grayson. Shekara 44 yana Robin, sai a 1984 aka cire masa jar riga aka ba shi suna Nightwing, daga baya har garinsa na kansa aka ba shi ya tsare, kuma yana cikin waɗanda masoyan DC suka fi ƙauna. Bucky da Stan Lee ya binne, marubuci Ed Brubaker ya tono shi a 2005 da sabon suna Winter Soldier, kuma fim ɗin 2014 mai ɗauke da wannan suna ya tara sama da dala miliyan 700. Shi kansa Jason Todd da aka kashe da ƙuri'a an dawo da shi a 2005 da suna Red Hood, yana cike da haushin ubangidansa, sai ga waɗanda suka tsane shi yana Robin suna rububinsa. Ita kuwa Harley Quinn, a 1992 aka ƙago ta a wani katun don kawai ta tsaya kusa da Joker a kashi ɗaya, amma ta yi ta girma har ta rabu da shi, ta kai a 2016 ɗaya daga cikin shugabannin kamfanin yana lissafa ta ta huɗu bayan Batman da Superman da Wonder Woman.

Misalin da manyanmu 'yan gidan bidiyo za su fi ganewa shi ne na Burus Li. A 1966 zuwa 1967 an yi wani shirin tele a Amurka mai suna The Green Hornet, shi kuwa direban jarumin ne, sunansa Kato. Shirin zango ɗaya ya yi ya mutu. Amma da Burus Li ya koma Hong Kong sai ya tarar shi aka sani, ba maigidan ba, kuma wannan farin jini ne ya buɗe masa ƙofar The Big Boss a 1971. Yau a tsayar da mutum ɗari a tashar Jibiya a tambaye su wa ya fito a matsayin ubangidan Kato, ban ce za a samu ko ɗaya ba. Ɗan hakin da ka raina ke nan. Masu sayar da kaset na da ma ba za su manta abin da hoton marigayi Rabilu Musa Ibro yake yi a bayan kwali ba, ko da kuwa ba shi ne jarumin fim ɗin ba.

Amma kada in zama mai boye aibin kaya. Akwai bambanci tsakanin a ba yaro sunansa da a ba shi rigar ubangida. Sam Wilson, wanda aka sani da Falcon tun 1969, abokin tafiyar Captain America ne, daga baya ya gaji garkuwar da sunan. Fim ɗinsa na 2025 ya tsaya wajen dala miliyan 400 da 'yan kai, alhali na 2016 da tsohon mai sunan ya haura biliyan ɗaya. Dalilai suna da yawa, amma ɗaya daga ciki mun san shi a nan: in ka gaji shagon Alhaji da allon sunansa, masu saye za su yi ta leƙowa suna tambaya ina Alhaji. Fim ɗin Harley Quinn na 2020 ma bai kawo abin da aka zata ba. Sallama ba ta lamunce wa kowa arziki.

Babbar matsalar yaran jarumai kuwa ita ce iyayen gidansu ba sa tsufa, ba sa mutuwa ta gaskiya. Wally West, yaron Flash, ya gaji sunan bayan mutuwar ubangidansa a 1985, ya riƙe shi sama da shekara 20, har wasu masu karatu suka tashi ba su san wani Flash ba sai shi. Sai aka wayi gari wajen 2008 aka dawo da tsohon, aka ture shi gefe. Dick Grayson ya zama Batman a 2009, zuwa 2011 aka karɓe rigar. Kamfani ba ya yarda ya saki sunan da ya saba kawo kuɗi, don haka yaro yana nan yaro ko da ya yi furfura, sannan a juyo a ce ai ba ya sayar da kaya. Yaya za a yi ya sayar, alhali duk ranar da ya fara tara masu saye sai a ce ya koma ɗaukar dila?

Wannan bai tsaya a cikin zane ba. Na ambaci Bill Finger a sama. Shi ne ya ba da shawarar hular jemage da launin tufafin, shi ya raɗa sunan Bruce Wayne da na birnin Gotham, shi ya rubuta labaran farko. Amma Bob Kane ne ya ƙulla yarjejeniya da kamfani, don haka sunansa kaɗai ake bugawa a matsayin wanda ya ƙago Batman. Finger ya mutu a 1974 ba shi da komai, kuma sai a 2015, shekara 41 bayan mutuwarsa, kamfanin ya fara sa sunansa kusa da na Kane. Da na ba da wannan labari a shagon, babban yaron ya yi shiru, domin shekararsa 11 a wajen Alhaji. Mun san yadda abin yake a wurinmu. Abokan zamanmu Inyamurai sukan yanka wa yaro shekaru tun ranar da aka kawo shi, in sun cika a ba shi jari ya kama gabansa. Mu kuwa sau da yawa sai mu bar abin a hannun kirkin maigida. Akwai waɗanda suke yi wa yaransu aure, su kai su Makka, su buɗe musu shago, Allah ya saka musu. Akwai kuma waɗanda yaro zai san duk dillalan Kantin Kwari, ya san wa ake ba bashi wa ba a ba, ya riƙe shago watanni maigida yana tafiya, amma in aka zo maganar sallama sai a ce ai bai yi hankali ba tukuna.

Mu koma kan jakunkunan. Abin da na gaya wa Alhaji shi ne, kada gardamar Amurkawa ta ruɗe shi, domin kwancin kayansa yana da dalilai na nan gida. Yaranmu sun san Batman da Spider-Man ne ta finafinan da ake tura musu a waya da waɗanda ake fassarawa da Hausa, kuma mafi yawansu na manya ne da ba Robin a ciki. Yaro ba ya kuka a saya masa fuskar da bai sani ba. Na biyu, mai biyan kuɗin uba ne ko uwa, su kuwa suna duban launin da zai ɓoye datti har ƙarshen shekara, jakar Robin ga ta da ruwan ɗorawa. Na uku, masu buga waɗannan hotuna a masana'antun Sin ba su tambayi kowa a Maraɗi abin da yake so ba, abin da ya rage musu suke cusawa a dila, don haka mai sari ya buɗe ya duba kafin ya biya. A watan Janairu na 2023 kamfanin DC ya ba da sanarwar shirin wani fim na Batman tare da ɗansa Damian Wayne a matsayin Robin. In irin wannan ya fito ya karɓu, har aka fassara shi ya shiga wayoyin yara, to mai jakar Robin a ajiye zai yi dariya. Kafin nan, a sari kaɗan.

Alhaji ya ce zai karya su daga jika biyu da rabi zuwa jika biyu ya huta. Ƙaramin yaron ya ce, "Baba Alhaji, kada a karya. A ba ni goma in kai ƙofar lakwal ɗin unguwarmu, na san yaran da ke kallon katun ɗin." Aka ba shi. Da na koma bayan kwana huɗu ya sayar da bakwai a kan kuɗinsu na farko, har yana tambaya ko za a riƙa ware masa wani abu a kan kowace jaka da ya fitar. Alhaji ya gyara hula ya ce za su yi maganar bayan salla. Babban yaron yana gefe yana ninke riguna, ya ɗago ya tambaya ko wace sallar.